Yadda Ake Neman Diyyar Rauni Bayan Haɗari Tare da Taimakon Lauya

Na daɗe ina bin shari'o'in mutanen da mota, babur ko injin masana'anta ya ji wa rauni, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawan masu gaskiya tun a makon farko suke rasa haƙƙinsu, tun ba a je gaban alƙali ba. A lokacin mai rauni yana kwance, hankalin 'yan uwa a tashe, babu mai tuna ya rubuta lambar mota ko ya adana rasit. Sai bayan wasu watanni, kuɗin gida sun ƙare, an sayar da fili ko keken ɗinki, sannan a nufi ofishin lauya hannu rabbana. Shi kuwa lauya da abin da ka kawo masa yake aiki.

Akwai kuma maganar da za ka ji tun kana kan gadon asibiti: ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ƙaddara ce kam, amma imani da ita bai taɓa soke diyya ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah Ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, sai fa idan iyalan mamacin sun yi sadaka da ita. Yafiya alheri ce, amma mai haƙƙi ne yake yin ta, da zaɓin kansa, bayan ya san girman abin da yake yafewa.

Bayanin nan a kan tsarin Najeriya yake, kuma na fi karkata ga haɗarin hanya.

Abubuwan da za ka tanada

- Jakar leda mai zif ko fayil guda ɗaya, wanda duk wata takarda za ta shiga. Mutum ɗaya a gidan zai riƙe shi, kada ya riƙa yawo hannu zuwa hannu.
- Littafin rubutu. A ciki ake rubuta kwanan wata, abin da aka kashe, da wanda aka ba, har kuɗin a-daidaita-sahu zuwa asibiti.
- Katin asibiti, takardun magani, rasit na kowane biya, hotunan ƙashi da sakamakon gwaje-gwaje.
- Hotunan wurin haɗari, na motar da lambarta, da na raunin tun yana ɗanye. Wayar da aka ɗauki hotunan ma a adana ta, za ka ga dalili a gaba.
- Sunaye da lambobin wayar waɗanda abin ya faru a idonsu.
- Shaidar abin da kake samu kafin haɗarin: takardar albashi, bayanan asusun banki, ko littafin ciniki.
- Katin shaidarka, da lasisin tuƙi idan kai ma tuƙi kake yi a lokacin.

Idan wasu daga ciki sun riga sun ɓace, kada ka karaya. A kowane mataki zan faɗi abin da ake yi a madadinsu.

1. Asibiti kafin komai

Ko da kana jin ka miƙe garau, je likita ya duba ka a ranar. Buguwar kai da zubar jini ta ciki sukan ɓoye, su bayyana daga baya. Ta fuskar shari'a kuma, idan aka samu tazarar mako biyu tsakanin haɗari da zuwanka asibiti, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce a wani wuri daban ka ji ciwon. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka kada a tsaya jiran takardar 'yan sanda mutum yana zubar da jini. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Ka gaya wa likita yadda abin ya faru dalla-dalla, ka lissafa masa duk inda yake ciwo, domin abin da ya shiga fayil a ranar farko ya fi duk wani bayanin baya nauyi.

Maganar masu ɗori kuma sai an yi ta. Mutane da yawa sukan sa hannu su ɗauke mai karaya daga asibiti su kai shi wurin ɗorin gargajiya, galibi saboda tsoron kuɗi ko tsoron a yanke ƙafa. Wannan yana raunana ƙara ta hanya biyu. Mai ɗori ba ya ba da rasit ko rahoto, sannan idan ƙashin ya haɗe a karkace, za a ce ba direba ne ya jawo nakasar ba. Idan an riga an je, a koma asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, ko sashen ƙashi na asibitin gwamnati mafi kusa, a ɗauki hoto, a buɗe fayil, kuma a faɗa wa lauya gaskiyar abin da ya faru.

2. Tattara shaida da kai rahoto

Mai rauni ba zai iya wannan ba, aikin ɗan uwa ne ko aboki, kuma a ranar ake yin sa ko washegari. A ɗauki hoton motocin kafin a janye su idan an tarar da su, da sawun birki a kan kwalta, da yanayin titin. A tambayi masu shaguna da masu shayi na wurin wa ya gani. Idan akwai gidan mai ko banki kusa, wataƙila suna da kyamarar tsaro, kuma irin waɗannan na'urori sukan shafe tsohon hoto da kansu, don haka a nema da wuri.

Sai a kai rahoto ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, sashen kula da haɗurran mota da aka fi sani da MTD. Su ne suke zuwa su zana taswirar wurin, su ɗauki bayanin direba da shaidu, su nemi jami'an VIO su duba motar ko birkinta da tayoyinta lafiya suke. Ka rubuta sunan ɗan sandan da aka ba binciken. Idan an rubuta bayaninka da Turanci, ka nemi a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu. Daga baya lauya zai rubuta ya nemi kwafin rahoton mai hatimin tabbatarwa, domin kotu ba ta karɓar kwafin takardar hukuma haka kawai.

Idan fasinja kake a motar haya, kuma ba ka riƙe lambarta ba, a koma tashar da ka hau. Shugabannin ƙungiyar direbobi sun san motar da ta yi lodi a wannan layi a ranar, wasu tashoshin ma suna da takardar sunayen fasinjoji.

3. Kada ka sa hannu a kan yafiya

A nan ne aka fi yin asara. Kwana biyu ko uku bayan haɗari za ka ga tawaga: mai mota, dattijan unguwa, wani lokaci da shugaban tasha. Sun zo dubiya da kayan marmari da ɗan abin hannu, kuma zuwansu mutunci ne, a karɓe su da mutunci. Amma sau da yawa akwai takarda a aljihu, wadda take cewa an sasanta, ba ka da sauran magana, domin da ita za a saki motar daga hannun 'yan sanda. Idan ka sa hannu ko ka dangwala, warware ta yana da matuƙar wahala.

Matsalar ita ce a wannan lokacin babu wanda ya san ƙarshen raunin, har likitan. Karayar cinya da ake zaton ta wata biyu ce tana iya buƙatar a sa ƙarfe, a sake aiki a cire shi, a yi gashin ƙashi na watanni, ƙafar kuma ta gajarce. Malamanmu na Malikiyya ma ƙa'idarsu ke nan, ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga abin da ya bari.

Ba na cewa ka ƙi karɓar taimakon kuɗin magani. Karɓi, amma a rubuta cewa wannan adadin gudummawar jinya ce ta wucin gadi, maganar diyya tana nan sai an ga yadda jiki ya yi. Ya fi kyau a turo ta banki. Idan ana matsa maka a kan sakin mota, domin gaskiya ne akwai iyalin da suke ci da ita, za ka iya amincewa a sake ta bayan VIO sun duba kuma an ba ka kwafin takardunta da na inshora. Sakin mota daban, yafe haƙƙi daban, kuma a fayyace hakan a rubuce.

Wani kuskuren shi ne uba ko yaya ya yafe a madadin baligi mai hankali alhali shi yana kwance bai sani ba. A gaya wa manyan gida cikin ladabi su ce wa duk mai zuwa, sai ya samu sauƙi za a zauna.

4. Gano wanda zai biya

Direba shi ya yi sakacin, amma sau da yawa ba shi da abin biya. Doka ta ba ka damar haɗawa da ubangidansa idan a bakin aiki yake lokacin haɗarin. Saboda haka idan tirela ce ta kamfani, ko tifa, ko motar wata ma'aikata, sunan da ke kan takardun mota yana da muhimmanci ƙwarai. Kamfani kuma dole a rubuta sunansa daidai yadda aka yi masa rajista a hukumar CAC, domin an sha korar ƙara saboda kuskuren suna.

Sai inshora. Doka ta wajabta wa duk mai mota yin inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni ko ya yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, tare da biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Wannan adadi na dukiya ne, kamar motarka ko shagonka da aka rushe, kada wani ya ce maka shi ne iyakar abin da za a biya a kan rauni ko rai. A Agustan 2025 kuma an sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, ka tabbatar lauyanka da ita yake aiki. Takardun inshora na jabu suna da yawa, amma ana iya sa lambar mota a shafin askniid.org a ga ko tana da inshora ta gaske da sunan kamfanin.

Idan direba ya tsere ba a gano shi ba, ko motar ba ta da inshora, dokar inshora ta tanadi asusu domin irin waɗannan mutane, ka ce wa lauya ya bi ta NAICOM. Kuma rashin inshora bai sauke nauyi daga kan mai mota ba, daga aljihunsa zai biya.

Idan a wurin aiki ka ji raunin, hanyar ta ɗan bambanta. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun hukumar NSITF. Kai za ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A wannan hanya ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba. Sai dai dokar ta sa mutum ya zaɓa tsakanin karɓar wannan diyya da shigar da ƙara, don haka kada ka cike fom sai ka yi shawara.

5. Zaɓen lauya

Nemi lauyan da yake aiki a garin da haɗarin ya faru ko kusa da shi. Ya san rajistarar kotun, ya san hanyar samo rahoto daga asibiti da ofishin 'yan sanda, kuma ba za ka riƙa biyan kuɗin mota da masauki duk zaman kotu ba. Lauyan da ya yi suna a shari'ar filaye ko ta zaɓe ba lallai ne ya iya wannan ba. Tambaye shi kai tsaye: Barista, ka taɓa yin shari'ar diyyar rauni har ƙarshe? Ka taɓa karɓo kuɗi daga kamfanin inshora? Kai za ka riƙa zuwa kotu ko wani daga ofishinka?

Kowane lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana da lamba, kuma yana liƙa hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a kan takardun da ya shirya. Idan kana shakka, je ofishin reshen ƙungiyar na garinku ka tambaya. Ka guji 'yan kamashon da suke zagaya harabar kotu da asibiti suna cewa sun san lauya, sun san alƙali. Ka kuma guji lauyan da tun bai buɗe fayil ɗinka ba ya yi maka alƙawarin miliyoyi. Wanda ya fara da nuna maka raunin ƙararka shi ya fi cancanta ka riƙe.

Idan babu halin biya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin haɗari a cikin ayyukanta. An yi ta ne domin waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024, kuma tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Mata da yara za su iya tuntuɓar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

6. Yarjejeniyar kuɗin aiki

Kunya ba ta da wuri a nan. Hanya biyu ce: ko ka biya kuɗin aiki da aka yanke, a dunƙule ko kashi-kashi, ko ku yi yarjejeniya lauya ya ɗauki kaso daga abin da aka samo. Ƙa'idojin aikin lauyoyi sun halatta ta biyun a shari'ar da ba ta laifi ba, muddin kason bai wuce hankali ba.

Ko wacce kuka zaɓa, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. A fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara, na kai sammaci, na rahoton likita da na kawo shaidu. A fayyace ko kason zai canza idan an sasanta da wuri, da kuma ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara. Sannan a faɗi daga ina za a cire shi. Misali, a ce kun shirya a kan kashi 20 cikin 100, aka samo Naira miliyan 5, an kuma kashe Naira 400,000 a hidimar shari'a. Idan daga jimlar za a cire, lauya yana da miliyan 1. Idan sai an fitar da abin da aka kashe, yana da Naira 920,000. Irin wannan bambancin ne yake ɓata zumunci a ranar rabo. A ƙara da sharaɗin cewa ba za a amince da kowane tayin sulhu ba sai da izininka.

7. Wa'adi

Ƙarar rauni tana da wa'adi, idan ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba komai gaskiyarka. Kowace jiha da dokarta. A Abuja da Legas shekara 3 ne daga ranar haɗari. Wanda ya fi haɗari shi ne idan abin ya shafi ma'aikacin gwamnati ko hukuma a bakin aiki, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Akwai togaciya a cikinta, amma kada ka dogara da hakan. Hukumomi da yawa da ƙananan hukumomi kuma sai an aika musu takardar sanarwa, galibi ta wata guda, kafin a maka su a kotu, wannan watan kuma daga cikin ukun nan yake fita.

Zaman sulhu da alƙawarin za mu duba ba sa tsayar da lissafin kwanaki. Tun a haɗuwarku ta farko ka ce lauya ya faɗa maka ranar da wa'adinka zai cika, ka rubuta ta a bangon littafinka.

8. Lissafin abin da za a nema

Diyya kashi biyu ce. Na farko asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin aiki da magani, sandar dogarawa ko keken guragu, zirga-zirga, gyaran babur, da kuɗin shigar da ka rasa kana kwance. Kotu tana son a jero waɗannan ɗaya bayan ɗaya, a kawo hujjar kowanne. Abin da ba shi da hujja yakan faɗi. Idan rasit ya ɓace, sashen kuɗi na asibiti zai iya fitar da bayanin abin da ka biya, bayanan banki ma suna nuna tiransifa zuwa kantin magani.

Mai albashi tabbatar da asararsa da sauƙi. Tela, ɗan kasuwa ko mai a-daidaita-sahu sai an yi dabara: littafin ciniki, shigar kuɗi a asusunsa na watannin baya, littafin adashi, ko shaidar mai mashin ɗin da yake kai wa balas kullum. Kada ka ƙara gishiri. Wanda ya ce yana samun abin da asusunsa bai taɓa gani ba, zai sa alƙali ya yi shakkar sauran maganarsa duka.

Kashi na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: azabar ciwo, nakasa, tabo, rasa damar yin sana'ar da ka iya, da jinyar da ke gaba. Alƙali ne yake ƙiyasta wannan, kuma da rahoton likita yake dogara. Saboda haka a nemi rahoto daga ƙwararren likitan da ya yi maka aiki, wanda zai faɗi irin raunin, abin da aka yi, abin da ya rage, da girman nakasar idan ta dindindin ce.

Idan kai ma da naka sakacin, kamar tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa ko hawa babur ba hular kwano, ƙara ba ta mutu ba, amma za a iya rage diyyar gwargwadon naka kason. Faɗa wa lauya tun farko, kada ya fara ji a bakin abokin shari'a.

9. Wasiƙar nema da sulhu

Lauya zai rubuta wa direba, mai mota da kamfanin inshora, ya bayyana abin da ya faru da abin da ake nema, ya ba su wa'adi. Sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin shiga kotu wajibi ne a wurina, domin idan ba a sanar da shi a kan lokaci ba, yana iya zamewa daga biyan hukuncin. Daga nan duk wanda ya kira ka, ka haɗa shi da lauya. Ka kuma dakata da sa hotuna da bayanan haɗarin a Facebook ko TikTok.

Tayin farko kusan kullum ƙasa yake. Idan kamfanin inshora yana jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. Ni ina goyon bayan sulhu idan adadin ya rufe jinya da asarar gaba, domin shari'a a Babbar Kotu tana iya cin shekaru. A Kano akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotu tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinta. Amfaninta shi ne alƙali yakan sa hannu a kan abin da aka cimma, ya zama hukuncin da za a iya tilasta bi. Duk inda aka yi sulhun, a rubuta adadi, ranar biya, da abin da zai biyo baya idan an saɓa.

10. Idan ta kai ga kotu

Shari'ar da 'yan sanda suka kai direba ta tuƙin ganganci ta hukuma ce, taka ta neman diyya daban take. Kotun laifi tana iya umartar a biya wanda aka cuta, kuma idan an same shi da laifi hakan zai taimaki ƙararka, amma ko an sallame shi kana iya ci gaba, domin a ƙarar diyya rinjayen hujja ake dubawa.

Lauya zai zaɓi kotu gwargwadon adadin da wanda ake ƙara. Raunin wurin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yake zuwa. Idan ku duka Musulmi ne a jihar da ke da kotunan shari'ar Musulunci, ana iya neman arshi, wato diyyar rauni, a can, inda gaɓoɓi suke da ƙididdigaggen kaso: ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya, yatsa kashi ɗaya cikin goma. Amma idan akwai kamfani ko inshora a ciki, Babbar Kotu ta fi tsaro daga jayayyar hurumi. Yaro kuma waliyyinsa ne yake shigar masa da ƙara.

A Babbar Kotu tun farko ake shigar da komai: bayanin ƙara, rubutacciyar shaidarka ta rantsuwa, sunayen shaidu da kwafin takardu. Ka sa a fassara maka shaidarka layi-layi kafin ka rantse, domin a kanta lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka tambayoyin ƙure. Kana da damar yin magana da Hausa a sa maka tafinta. Amsa abin da aka tambaye ka kaɗai, wanda ka manta ka ce ka manta. Hotunan waya kuma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayanin na'urar da aka ɗauke su da ita, dalilin adana wayar ke nan.

Za a yi ta ɗage zama. Ka riƙa zuwa, ka rubuta kowace rana, ka kuma ci gaba da zumunci da shaidunka, domin mutane suna tashi daga unguwa suna canza lamba.

11. Karɓar kuɗi

Hukunci ba ya nufin kuɗi sun shigo. Wanda aka kayar a Babbar Kotu yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara. Idan ya ƙi biya, lauya zai nemi kotu ta umarci bankinsa ya fitar da kuɗin daga asusunsa, ko ma'aikatan kotu su kama kadararsa a yi gwanjo. Shi ya sa tun ana shari'a yake da kyau a san bankin da yake hulɗa da shi, kuma tiransifar kuɗin maganin nan ta mataki na 3 takan nuna hakan. Idan kuɗin gwamnati ne, akwai ƙarin matakin neman amincewar Antoni Janar, wanda yakan ja lokaci.

Idan kuɗin sun biyo ta hannun lauya, a asusun da aka keɓe wa masu ƙara ya kamata su sauka. Ka nemi lissafi a rubuce: abin da ya shigo, kasonsa, abin da aka kashe da rasit ɗinsa, da ragowar da za a tura maka. Lauyan da ya riƙe kuɗin mai ƙara ana kai ƙorafinsa reshen NBA ko kwamitin ladabtar da lauyoyi na LPDC. Takardar shaidar an gama biya kuwa, kada ka sa mata hannu sai ka ga kuɗin a asusunka. Idan da sauran aikin cire ƙarfe ko gashin ƙashi a gaba, fara ware kuɗinsa kafin a taɓa sauran, idan kuma diyyar yaro ce, a buɗe asusu da sunansa a zuba a ciki.